Daminar da Na Ɗaure Baba a Turke

Riƙon tsoho wahala ne. Duk wanda ya ce maka ba wahala ba ne, to ko dai bai taɓa yi ba, ko kuwa matarsa ce take yi shi yana ƙofar gida yana amsa "Allah ya ba da lada". Ni na yi, shekara uku da 'yan watanni, kuma a ciki akwai wata damina da har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba. A daminar nan na ɗaure mahaifina da igiya kamar tunkiya, na kuma mari matar da muka yi shekara ashirin da uku tare ban taɓa ɗaga mata hannu ba, har ta bar min gidan. Ni ban yi boko mai nisa ba, a aji huɗu na tsaya, saboda haka ban iya yi wa magana kwalliya ba. Yadda abin ya faru haka zan faɗe shi.

Ƙauyenmu yana arewa da Daura, in ka sauka daga titin da ya nufi Kongolam sai ka ɗan yi tafiya cikin yashi. Noma muke yi, gero da dawa da wake, in rani ya yi kuma in taɓa dillancin awaki da tumaki a kasuwa. Ni ne babba a wurin Baba. Ƙanena yana Legas, zumuncinsa a waya yake. Ƙanwata tana ɗakin mijinta. Saboda haka da tsufa ya kama Baba ba a yi wata shawara ba, kowa ya san a hannun wa zai faɗo.

Sai na faɗi wane ne Baba kafin a gane sauran. A zamanin ƙarfinsa mutum ne mai zafin hannu. Ba ya maimaita magana. Ta farko da baki yake yin ta, ta biyu kuwa da duk abin da hannunsa ya kai gare shi, tsumagiyar shanu ce, ƙotar fartanya ce, takalmi ne. Mu 'ya'ya mun sha, amma Inna, mahaifiyarmu, ta fi kowa sha. Ina da shekara tara, farkon damina, ta makara wajen kai masa fura gona saboda ƙanwata na zazzaɓi. A nan bakin gona, a gaban mutane, ya yi mata dukan da sai da maƙwabcin gonarmu ya jefar da fartanyarsa ya zo ya riƙe shi. Da gari ya waye ta goya ƙanwata, ta ƙulle 'yan tsummokaranta, ta dafa kaina ta ce, "Ka kula da ƙanenka. Ba daɗewa zan yi ba, ubanku zai zo biko." Ta tafi garinsu, wani ƙauye bayan Kongolam cikin Nijar, ƙasar da tsofaffinmu har gobe Faransa suke ce mata.

Bai je ba. Aka yi noman farko, aka yi maimai, gero ya fid da kai, aka yanke. Kullum in na ji sallamar mace sai in ruga zaure. Da kaka sai labari ya zo wai ta kwanta kwana huɗu ta rasu. Aka dawo mana da ƙanwata ita kaɗai. Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda aurenta ya mutu a lokacin, ita ta riƙe mu har muka yi wayo, kafin wani auren ya kai ta wajen Mashi. Baba ya ƙara aure sau biyu, ba wadda ta kai shekara.

Tun daga nan na yi wa kaina alkawari, duk matar da na aura ba zan taɓa lafiyarta ba. Kuma na riƙe. Faɗa na yi, tsawa na yi, gaba ta kwana uku na yi, amma hannu ban ɗaga ba. Har alfahari nake da wannan a majalisa. Maiɗakina kuwa ta san labarin Inna kamar a gabanta aka yi, don ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba na ba ta shi.

Gigin tsufa a hankali ya shigo wa Baba. Da fari sai ya yi sallar azahar sau biyu, ko ya ci tuwo ya wanke hannu ya ce an hana shi abinci. Daga nan ya daina gane ni. "Bawan Allah" yake ce min. Fitsari ya fara kuɓuce masa. Duk wannan a kan maiɗakina ya sauka. Matar da shekara da shekaru ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba, in ta hango shi tafe sai ta durƙusa ta sunkuyar da kai, ita ce ta koma goge masa baki, tana wanke masa wando, tana lallashinsa ya sha koko kamar yaron yaye. Kunyar surukuta ta naɗe ta ta ajiye, don ba yadda za ta yi. 'Ya'yanmu manyan sun watse, mata biyu suna ɗakin aure, namijin yana koyon gyaran mota a Kano, sai 'yar autarmu da ba ta fi shekara shida ba. Ni kuwa nawa aikin shi ne wanka ranar Juma'a, da aski.

A daminar da nake magana sai ya tsiro da tafiya. Kullum da hantsi, in ya sha koko, sai ya sa hula, ya maƙale takalmansa a hammata yadda mutanen da suke yi don kada tafiya ta cinye su, ya nufi arewa. Ranar farko da na tare shi a bayan gari na ce, "Baba, ina zuwa?"

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Bawan Allah, Faransa za ni. Zan je in dawo da uwar yaran nan. Ta daɗe, yaran suna ta kuka."

Da a ce ni mutumin kirki ne da tausayinsa zan ji. Ban ji ba. Haushi ne ya taso min. Yanzu? Bayan shekara arba'in? Bayan ƙasa ta gama cinye ta? Na fizgo hannunsa na jawo shi gida, yana tuntuɓe yana cewa in bi a hankali.

Sau uku yana ɓace mana. Na farko wani ɗan acaba ne ya tsinto shi a bakin titi inda manyan motoci ke wucewa. Na biyu ya faɗa wani rami da ruwa ya zaizaye, ya kuje goshi. Na uku tun hantsi muke nema har bayan la'asar, sai can muka gan shi zaune a gindin gawo cikin gonar wasu, ga shi gawo ba ya da inuwa da damina, leɓɓansa sun bushe, yana tambayarmu ko mun san hanyar Faransa. Duk ranar da aka yi neman nan kuwa ranar noma ce ta tafi. Ciyawa ta taso ta shaƙe gero, ni kaɗai ne da fartanya, ba ni da halin ɗaukar 'yan ƙwadago. Maiɗakina ba za ta iya tsaronsa ba tana girki tana ɗiban ruwa. Ta ce min, "Malam, ka riƙa tafiya da shi gona mana, ka shimfiɗa masa buhu a inuwa, idonka na kansa. Ko ka aika wa Gwaggo ta zo ta ɗan zauna da mu, ita yana jin maganarta."

Na ce ba shawara na tambaya ba.

Akwai turke a tsakar gida, gindin darbejiya, inda muke ɗaure jaki kafin in sayar da shi. Akwai kuma igiyar roba shuɗiya da nake jan raguna da ita zuwa kasuwa. Da safe na zaunar da Baba a tabarma, na kama ƙafarsa ta dama, na zarga igiyar a idon sawu na ƙulle. Na auna tsawonta yadda za ta kai shi inuwa, ta kai shi cikin ɗakinsa, ta kai shi inda buta take. Wai ni mai adalci.

"Bawan Allah, me na yi maka?" in ji shi.

"Ba ka yi komai ba. Zauna."

"Tafiya ce da ni fa."

"Na sani. Zauna."

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Lokacin da na ja ƙullin nan ya kama, wani sanyi na ji a raina. Na gaya wa kaina don kada mota ta take shi na yi, kuma gaskiya ne, akwai wannan. Amma akwai wani abu a ƙarƙashi. Ƙafar da ta sha shurina, ta sha shurin Inna, yau ga ta a hannuna kamar karan dawa, ba ta iya komai. Daɗin wannan na ji. Allah ya yafe min.

Maiɗakina ta fito daga madafa ta tsaya, ludayi a hannu. "Innalillahi. Malam, uba ne fa."

"In kin fi ni sanin uba ne, ki ajiye ludayin ki raka shi Faransa."

Ta juya ta koma madafa. Da na dawo da yamma na ga ta tura tsumma a ƙarƙashin igiyar. Amma tsumma ba ya hana igiyar roba ci, shi kuma ba ya zama wuri ɗaya. Wuni yake yana ja. Ya miƙe ya nufi zaure, igiya ta fizgo shi, ya koma ya zauna, can ya manta ya sake miƙewa. Cikin kwana tara fatar wurin ta saluɓe, ta fara ruwa. Ba namijin da ke wuce zaure, saboda haka a waje ba wanda ya gani. Matan maƙwabta sun gani, amma ba a gabana za su yi magana ba.

Rana ta goma ƙotar fartanyata ta karye, na dawo gida kafin azahar. Ina shiga na ga turke, na ga igiya yashe a ƙasa an yanke ta da wuƙa, ga kwanon ruwan ɗumi, ba Baba. Sai ga maiɗakina ta fito daga ɗaki da sauri tana yafa mayafi.

"Ina yake?"

"Malam, ƙafar ce ta fara wari. Na yanke don in wanke masa, na shiga ɗauko gishiri ke nan..."

Ba ta ƙarasa ba. Mutane kan ce ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Ƙarya ce, ni na sani. Na ga fuskarta, na ga inda zan mara, na mara. Ta yi baya ta faɗa kan turmi, leɓenta ya fashe. 'Yar autarmu ta tsandara ihu ta shige ƙarƙashin rumbu.

Ta tashi a hankali. Ta sa bakin mayafi ta dangwali jinin, ta duba, sannan ta dube ni. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Shekara ashirin da uku kana ba ni labarin Inna. Yau dai na ga yadda aka yi."

Ta wuce ni ta fita. Na zaci tafiyar ke nan, ashe Baba ta je nema. Ta same shi bai yi nisa ba, wajen rijiyar bayan gari, ta riƙo hannunsa suka dawo tana ce masa, "Baba, a sa wani abu a ciki tukuna, ba a tafiya da yunwa." Ta wanke ƙafar, ta ɗaure da tsumma mai tsabta, ta dama masa fura ya sha. Sai da ta gama duk wannan sannan ta ɗauki jakarta, ta jawo yarinyar daga ƙarƙashin rumbu, ta durƙusa ta yi wa Baba sallama. Ni ko kallona ba ta yi ba. Garinsu yana wajen Sandamu, gidan yayanta ta nufa, don iyayensu sun rasu.

Kun san abin da na yi da ta fita? Na ɗauko igiyar na ƙulla inda aka yanke, na ɗaure shi a ƙafar hagu.

Kwana goma sha biyu muka yi ni da shi. A nan na san abin da matar nan take yi. Na dama koko ya yi gudaji, na tuƙa tuwo ya ƙone, in na wanke wando da safe kafin azahar ya ɓata wani. In na miƙa masa abinci sai ya kau da kai ya ce ba ya cin na baƙo. Wata rana ruwa ya sauko ina gona, na ce ai igiyar tana kai shi ɗaki. Da na dawo na tarar bai shiga ba. Yana zaune a iyakar inda igiyar ta ƙare, fuskarsa na kallon zaure, ya jiƙe sharkaf, takalman na hammata, haƙoransa na haɗuwa. Ya rame, ni ma na rame. Gonar da na yi duk wannan dominta ma ba ta samu aikin kirki ba. Yayan maiɗakina ya kira ni a waya sau biyu, ina kallo har ta katse.

In na fita majalisar ƙofar masallaci bayan la'asar kuwa sai a yi ta ƙara min ƙarfi. Wani abokina da muka tashi tare, wanda shi kansa aurensa uku ya mutu, shi ne babban malamin. "Kada ka kuskura ka yi saurin biko. Ka je yau, gobe ko tari ka yi sai ta ɗauki jaka. Bar ta ta ci tuwon matar yaya na wata guda, da ƙafarta za ta nemo hanya." Wani ya ce, "Ai shi wannan da ma mijin-ta-ce ne, ku bar ganin ya yi ta maza sau ɗaya. Jibi za ku gan shi da ƙullin goro yana rawar jiki." Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ce ba inda za ni sai na gama maimai. Aka ce yau ka yi magana.

Rana ta goma sha uku da tafiyarta, da hantsi, ina shirin fita gona, na ji babur ya tsaya a ƙofar gida, na ji muryar tsohuwa tana yi wa ɗan acaba masifa wai ya karya mata ƙugu a hanya. Gwaggo ce. Labari ya bi bakin mata daga gidan suna zuwa gidan biki har ya kai Mashi. Ta haura saba'in a lokacin, ido ɗaya ya daina gani, haƙoran gaba sun zube, amma bakin yana nan yadda na san shi.

Ta shigo da sallama, ta tsaya a tsakar gida tana ƙanƙance ido. Ta bi igiyar da kallo tun daga turke har zuwa ƙafa.

"Wane la'anannen ne ya ɗaure min Yaya?"

Na durƙusa na ce, "Gwaggo, sannu da zuwa, ya hanya..."

"Riƙe gaisuwarka. Kawo wuƙa."

Na kawo. Ta gwada, igiyar ta ƙi. Ta miƙo min ta ce, "Kai ka ƙulla, kai za ka yanke." Na yanke. Ta zauna dirshan a ƙasa ta ɗora ƙafafunsa a cinyarta, ta kwance tsumman ƙafar dama ta shinshina, ta kau da kai ta tofar da yawu. Ta sa ni na ɗumama ruwa na zuba gishiri.

Abin mamaki, Baba da bai san ni ba, yana ganinta ya washe baki. "Auta, ke ce? Gara da kika zo. Riƙe min yaran nan, zan je Faransa in dawo."

"To Yaya," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Bari rana ta yi sanyi. Ka ga ƙafar ma sai an gyara."

"Haka ne," in ji shi. Ya jingina da darbejiya ya natsu abinsa. Kwana ashirin da biyu ina fama da igiya, ita magana biyu kawai ta yi ya zauna.

Tana wankin ciwon ta ce, "Ina matar gidan?"

"Ta yi yaji."

"Na sani. Me ka yi mata nake tambaya."

"Mari ne guda ɗaya, Gwaggo."

"Guda ɗaya. Ashe da ƙidaya kake yi. Nawa ka ware mata gaba ɗaya?" Ta sake tsoma tsumman a ruwa. "Yaushe za ka je biko?"

"Sai na gama maimai."

Ta saki tsumman cikin kwano. Ta dube ni da idon nan mai gani, ta daɗe, sannan ta yi wata dariya da ba daɗi a cikinta. "La'ilaha illallahu. Har muryar. Wallahi har muryar iri ɗaya."

Sai ta ba ni labarin da shekara arba'in ban sani ba. Ta ce lokacin da Inna ta tafi, ita da kanta ta durƙusa wa Baba sau uku a kan ya je. Ya ce sai ya gama noman farko. Aka gama, ya ce sai maimai. Abokansa na zuga shi, irin zugar da ake yi min. Aka gama maimai ya ce yanzu kuma ai sai a bari a yi girbi, kada dangin mace su ce yunwa ce ta koro shi. Da aka kai dami rumbu ya sayi goro da turmin atamfa, ya ce wa mutane kasuwar shanu za shi, don kada a ce ya je biko. A ƙasa ya tafi, tun da sassafe. Ya isa garin ya tarar da maza zaune kan tabarmi a ƙofar gidan. Ranar sadakar uku ce.

"Bai shiga ba," in ji Gwaggo. "Kawunku ya fito ya ce masa in ya ƙara taku ɗaya sai dai a yi zaman makoki biyu. Ya juyo. Ya zo ya miƙo min goron ya ce in rabar, atamfar kuwa ban san inda ya kai ta ba. Ya ce in na faɗa wa wani ya je, ba ni ba shi. Washegari ɗan aike ya iso da labarin, ya zauna yana karɓar gaisuwa kamar ranar ya fara ji."

Na tuna tafiyar. Na tuna ya dawo ƙafafunsa sun kumbura, ya shige ɗaki bai ci tuwo ba. Ni a lokacin murna na yi da bai nemi kowa da duka ba.

Na ce, "Wannan bai wanke shi ba, Gwaggo. Shi ya kore ta."

"Wa ya ce maka wanke shi na zo yi? Ka ga nan?" Ta ture ɗankwali ta nuna min wani tabo a gefen kai. "Shi ne, da muciya, ina budurwa. Mugun hannu gare shi, kowa ya sani, shi ma ya sani. Amma dube shi da kyau. Ya manta sunanka. Ya manta raka'a nawa ce azahar. Ya manta ya ci ko bai ci ba. Abu ɗaya ne ya ƙi sakinsa, kullum gari ya waye sai ya sake tashi ya kama hanyar nan. Haka kake so naka tsufan ya zama?" Ta matse tsumman ta ci gaba da wanki. "Tashi ka tafi gonarka. Je ka gama maimai."

Ban je gona ba ranar. Na zauna a bakin rumbu ina kallonsu, tana ba shi fura da ludayi yana sha, suna hirar mutanen da suka mutu tun ban san kaina ba.

Bari in faɗi yadda abin ya ƙare, don kada wani ya zaci na fita da sauƙi. Maiɗakina ta dawo, amma ba ranar da na je ba. Yayanta ya zaunar da ni a zaure ya wanke ni tas kamar yaron da aka kama da sata, ina durƙushe ina cewa haka ne. Sai bayan mako guda ta dawo, ta kuma faɗa min a fuska cewa saboda Baba ta dawo. Muna tare har yau, ban ƙara ba. Amma shekara shida ke nan, in na ɗaga hannu zan ɗauko hula a ƙusa tana kusa, sai in ga ta ɗan kauce. Ba ta san tana yi ba. 'Yar autarmu kuwa ta daɗe ba ta yarda a bar ta ni da ita a gida ba. Ƙafar Baba mun kai asibiti a Daura. Ma'aikaciyar da ta duba ta ce me ya yi masa haka, na ce igiya, ta ɗago ta dube ni ba ta ƙara tambaya ba. Ta hagu ta warke, ta dama ba ta taɓa rufewa ba har ya rasu bayan an kai amfani gida. Ni da liman muka yi masa wanka. Da muka zo ƙafafu liman ya ga sawun igiyar nan ya zagaye duka biyun, ya ɗan tsaya, ya ci gaba da zuba ruwa. Da ya yi magana da ya fi min sauƙi.

Abin da na koya ba shi da yawa. Na ɗauka tunda na tsani halin Baba, na tsira daga gare shi ke nan. Ashe yana nan kwance a hannuna shekara da shekaru, gajiya kawai yake jira da wanda ya fi ni rauni. Na kuma gane in ka ɓata wa naka, a ranar za ka tashi ka je ka ba da haƙuri, ko da ciyawa za ta cinye gonar, ko da 'yan majalisa za su yi wata guda suna dariya. Ba su ne za su tsufa da abin ba.

Washegarin zuwan Gwaggo, da na dawo daga sallar asuba, na ɗora ruwa na yi wa Baba wanka. Na sa masa farar rigarsa ta Idi. Na ari babur a wurin maƙwabcina, na ɗora shi a tsakiya, Gwaggo ta hau baya ta rungume shi tana ja min kunne a kan ramuka. Dole sai ta ƙofar masallaci hanyar take. Mutane na ta fitowa da fartanyu za su gona, abokin nan nawa ya ɗaga murya ya ce, "A'a, ina zuwa haka da tsofaffi? Maimai fa?" Na wuce abina.

Muna cikin yashi Baba ya dafa kafaɗata ya ce, "Bawan Allah, ina za ka kai ni?"

Na ce, "Biko za mu, Baba."

Can na ji ya gyara zama ya ce, "To Allah ya yi maka albarka. Ka ɗan ƙara wuta, kada mu makara."

Da muka hau titi, Kongolam tana arewa. Na karya kan babur na yi kudu, hanyar Sandamu. Bai lura ba. Har muka wuce Daura yana ce min in ƙara wuta.